Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Muka Kai Kofin Duniya Ƙofar Gida

A makon jiya na tsaya inda na gama makaranta na dawo Tudun Wadan Zariya ina zaman jiran aiki. A wannan zaman ne gasar cin kofin duniya ta 2018 ta same ni. An buɗe ta a Rasha ranar 14 ga Yuni, washegari aka yi ƙaramar sallah, gari ya cika da baƙi da hawan Sarki.

Abin da ya dame mu, mu samarin layi, shi ne yara. Gidan kallo sai da kuɗi, ga hayaƙin sigari, ga ashar. Mata kuwa ko kusa. Sai muka yi shawarar mu fito da wasan fili, kyauta, kowa ya gani.

Mai unguwa muka fara samu. "Ranka ya daɗe, izini muka zo nema." Ya ce ya ba mu, amma mu je wurin liman. Malam ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ku 'ya'yana ne. In an kira salla ku kashe inji, kuma a raba maza da mata." Muka ce, "An gama, Allah ya gafarta Malam."

Muka yi karo-karo, muka ɗauko hayar majigi da janareta. Wani tela ya ɗinke mana farin yadi muka ɗaure a bango. Masu jini a jika suka ɗauki tsaron babura, wasu shimfiɗa tabarmi da jera benci, ni aka ba ni mai da inji. Iyayenmu mata suka riƙe ɓangarensu da zoɓo da awara, 'yan mata na gaɗa kafin a take wasa, yara maza na langa.

Croatia ta ci mu Najeriya biyu da nema, aka watse jiki a sanyaye. Sai ranar Juma'a 22 ga wata, wasan Iceland da ƙarfe huɗu. Muka yi la'asar tukuna, muka ja kanofi muka rufe gefe da zannuwa saboda hasken rana yana cinye hoton. An dawo hutun rabin lokaci ke nan inji ya fara tari. Na durƙusa bayan katanga da jarka da mazurari, hannu duk baƙin mai, sai na ji ƙasa ta amsa. Ahmed Musa ya zura ta a minti na 49. Ban gani ba. Wani yaro ya sheƙo ba takalmi, ya rungume ni yana cewa, "Yaya, ya ci! Namu ne ya ci!" Ta biyun, a minti na 75, ita ma ina tare yara kada su faɗa kan waya. Wallahi har yau ban taɓa jin an cuce ni ba, domin na ga wata tsohuwa da ba ta san ko 'yan wasa nawa ke fili ba tana rangaɗa guɗa har da hawaye.

Ajantina ta fitar da mu ranar 26 ga wata da ci biyu da ɗaya, amma ba mu naɗe tabarma ba sai da Faransa ta ɗauki kofin ranar 15 ga Yuli. Da muka zauna lissafi sai ga rarar kuɗi a asusu, kuma a kanta ne kanmu ya rabu. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.