Daren da Yayana ya ja bargo a zafin Afrilu

Wanda ya san Garwa a watan Afrilu ya san ko da dare bango sai ya riƙa huci, amma ranar Yayana na kwance a tsakar gida ya ja bargo har wuya, haƙoransa na ta karo da juna. Wata uku kenan da aka dasa masa ƙodar ƙanwarmu a Indiya. Inna tace ai sauro ne, a je a sayo Coartem, kuma wallahi nima abin da na ɗauka kenan tunda mu nan da jiki yayi zafi shikenan an gama magana. Na auna shi, 37.9 kawai, har na ɗan saki raina.

Allah ya sa na kira likitan da ke bibiyarsa. Yace kar mu ba shi komai, mu kai shi asibiti yanzu yanzu a ɗebi jini a yi gwajin da suke cewa hemokiltir kafin a sa masa antibiyotik ko ɗaya, don in magani ya riga shiga ƙwayar cutar na iya ƙin tsirowa a kwalba, a rasa gane wacece. Nace dokta ai zafin ba yawa, yace abin da ke ba shi tsoro kenan. Magungunan da Yaya ke sha kullum, tacrolimus da mycophenolate da prednisone, aikinsu su danne garkuwar jiki don kar ta yaƙi sabuwar ƙodar, to garkuwar da aka danne ba ta iya yin ihu da ƙarfi, sai cuta ta shiga jini ta yi nisa zafin jiki bai nuna ba.

A kan hanya ya fara sambatu, yana kirana da sunan ƙaninmu, kuma tun la'asar bai yi fitsarin kirki ba. Da muka isa asibiti aka gwada sauro, babu. Jininsa ya sauka, aka ɗaura ruwa aka fara masa antibiyotik ɗin ceftriaxone nan take bayan an ɗebi jinin. Kwana uku sakamako ya fito, ƙwayar cutar da ake kira E. coli ce, daga mafitsara ta hau ƙodar ta faɗa jini, wai ga masu dashen ƙoda hanyar fitsari ita ce ƙofar da aka fi shigowa ta nan, tunda sabuwar ƙodar a mara ake ajiye ta dab da mafitsara. Kuma irin wadda ba ta jin ceftriaxone ce, sai da aka koma wani antibiyotik ɗin, meropenem, kuɗinta kam sai da muka sayar da mashin.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda muke sayen antibiyotik a tebur bakin kasuwa kamar goro, a sha kwana biyu a bari, mu da kanmu muke horar da ƙwayoyin nan har su daina jin magani, sannan su faɗa wa wanda ba shi da garkuwa. Kuma dan Allah masu zuwa dubiya a daina kawo shawara, wani har diclofenac ya kawo masa saboda ciwon jiki alhali tana lalata ƙoda, antibiyotik irin clarithromycin kuma tana sa tacrolimus ya taru a jini ya zama guba.

Kwana 14 yayi ana masa allura, ƙodar ta tsira alhamdulillah. Yanzu ma'aunin zafi na cikin gwangwanin Inna tare da carbinta, kullum bayan asuba sai ta leƙa ɗakinsa tace Babba ɗaga hannu, ta auna, ni kuma in rubuta a littafi.