Ruwan Roba Mai Kaɗawa

Duk cikin kayan shagonmu babu mai tsayar da masu wucewa kamar wannan abin wasa. Zobba ne na roba, ƙarami cikin babba, a saman ɗan akwati. Da ka murza mariƙin da ke gefe sai su riƙa hawa da sauka bi da bi, tamkar an jefa tsakuwa a tafki. Ba batir, ba lantarki.

Mutane na zaton na'urar 3D, wadda muke buga sassan robar da ita, ita ce ke yin komai. Ina! Ita narkar da zaren roba mai suna PLA kawai take yi a zafin da ya kai digiri 200, tana shimfiɗa shi layi kan layi. Gwanintar tana wajen haɗawa. A cikin akwatin akwai sanda ɗauke da faya-fayai waɗanda raminsu ba a tsakiya yake ba, kowane faifai yana tura zobe guda sama. Dole kowanne ya ɗan gota na kusa da shi, gocin kuma ya zo daidai tun daga na farko har na ƙarshe. Aka juya guda ɗaya baibai, igiyar ruwan ta karye, sai tsalle-tsalle.

Sai ratar da ke tsakanin zobba. Kusan milimita 0.3 muke bari: ta gaza haka su cije, ta wuce su yi ta ƙwaram-ƙwaram. Kowane gefe da sanfefa nake bin sa, in goga masa kakin kyandir. Kunnen wannan aiki a wurin kawuna na samo shi, mai gyaran keken ɗinki. Idonsa a rufe yake juya keke, ya ce, "Yaro, saurara, ita za ta faɗa maka inda ke mata ciwo." Har yau ban sallami kaya ba sai na murza na ji shiru.

Amma duk da haka wani zai zo ya ce, "Haba Malam, ai roba ce!" ya taya rabin kuɗi, wai ya ga mai araha a intanet. Irin waɗancan ana kawo mana su gyara: cikinsu holoƙo, ba a goge ko'ina ba, an danna gam a inda ya kamata noti ya zauna.

PLA na fara laushi a wajen digiri 60, don haka kada a bar shi cikin mota da ranar bazara. Mai son wanda zai jure zafi ya faɗa tun wuri mu buga masa da wata roba mai suna PETG, sai dai kuɗinsa daban.