Yadda na haɗe basussukana wuri guda na rabu da katin bashi

Ni dai ranar da banki suka kira ni suka ce sun ba ni katin bashi na dubu 300 saboda albashina ta wurinsu yake shigowa, wallahi ji na yi kamar an mani kyauta. A 2023 ne, bayan cire tallafin man fetur, komai ya tashi, ga bikin ƙanwata ya taho kuma kayan ɗaki a wuyana suke. Sati uku ban kai ba na share katin tas a babbar kasuwar Katsina.

Abin da ban gane ba shi ne wannan ɗan kuɗin da suke cewa ka biya duk wata, mafi ƙaranci wai. Ina biyan dubu 15 ina ganin ina ƙoƙari, ashe ruwan kashi 3 ne cikin ɗari a wata, kenan dubu 9 ta tafi a ruwa, dubu 6 kacal ke taɓa uwar kuɗin, ni kuma da na ga ɗan wuri ya buɗe a katin sai in sake zara in sha mai. Shekara ta kusa zagayowa bashin na nan inda yake ko gezau. Daga nan na faɗa manhajojin lon na waya, ka ci dubu 50 ka maida 65 cikin kwana 30, in ciro nan in toshe can, har ranar da ɗaya daga cikinsu ta tura wa surukina saƙo wai ni maci amana ne. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Yayana na samu a shagonshi a Ƙofar Ƙaura bayan isha'i. Bai mani faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo, kawai ya yago bayan kwalin sabulu ya miƙo mani biro ya ce rubuta duka, kar ka ɓoye ko sisi. Kati 300, manhaja ɗaya 65, ɗayar 85, mai shagon unguwarmu 40. Dubu 490. Ban taɓa haɗa su ba sai ranar, tsoro nake ji.

Ya ce "ba kana zubi a kofaretib ɗin wurin aikinku ba?" Na ce eh Yaya, shekara huɗu. Ya ce toh me kake jira. Kofaretib ɗin, wato ƙungiyar zubi da ba da rance ta ma'aikata, suka ba ni dubu 300 ba ruwa, ana cire 25 daga albashi wata 12, sai dai fa sai da na kawo mutum biyu suka tsaya mani, kuma kunyar neman su ba ƙarama ba ce. Manhajojin na fara biya don su ne ruwansu ya fi zafi, na goge su a wayar, sauran 150 na zuba a kati. Da na kwashi adashe dubu 100 shi ma can ya tafi, na saida babbar wayata na cike. Mai shago shi na bari ƙarshe tunda nashi ba ya haihuwa, amma na je na gaya mashi da bakina, ya ce ba komai malam.

Kuskure ɗaya na yi, na bar katin a aljihu bayan na biya, azumi na zuwa na sake zarar dubu 40. Wannan karon dai albashi na shigowa na maida, na tafi banki na ce su rufe shi su ba ni takardar shaida. Yarinyar da ke kan teburin har tana cewa ai za su iya ƙara mani zuwa dubu 500, na ce na gode.

Yanzu saura wata biyu in gama da kofaretib. Kwalin sabulun nan yana cikin durowa, maiɗakina ta hana a yar.