Lahadi, 23 ga Yuni, 2024: Mudu Biyu na Shinkafa

Yau Ranar Gwauraye ta Duniya ce, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2010, bana kuma ta faɗo ranar Lahadi. Bayan wa'azi Baba Fasto ya kira gwaurayenmu gaba, aka miƙa wa kowace mudu biyu na shinkafa da kwalbar man gyaɗa da turmin atamfa. Aka tafa, aka ɗauki hoto. Ni na kira sunayen, don ni ce magatakardar zumuntar mata.

Da aka tashi, na tarar da Maman 'Yan Biyu zaune a gindin darbejiya, ledarta a ƙasa, ko buɗe ta ba ta yi ba. An kashe mijinta ne a Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram suka ci Mubi. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "'Yata, na gode, Allah ya sa albarka. Amma shinkafar nan kwana uku za ta yi. Gonar babansu ce ƙannensa suka ƙwace, ga damina ta sauka. Wa zai raka ni wurin mai unguwa?"

Na rasa bakin magana. Sai ta ƙara wata da ta fi ci mini rai. Kafin rasuwar maigidanta ita ke buga tulu a zumunta, ita ke ba da waƙa muna amsawa. Tun da ta dawo daga gudun hijira ba wanda ya sake ce mata ta ɗauki tulun nan. Ba mugunta muka yi nufi ba, cewa muka yi a bar ta ta huta. Ashe hutun da muka ba ta ya kusa shekara goma.

Da dare na buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Da aka yi gunaguni cewa ana tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su jira ranar biki ba, mutum bakwai aka zaɓa, har da Istifanas, aikin kuwa na kowace rana ne. Sai na tuna Hannatu a Luka sura 2, gwauruwa tsohuwa tukuf, ba ta rabuwa da Haikali, ita ce ta riƙa ba mutane labarin jariri Yesu. A ganina ba daidai ba ne a ce kwamitinmu na kula da gwauraye babu gwauruwa ko ɗaya a cikinsa. Su suka san inda ke yi musu ƙaiƙayi.

Na kira Baba Fasto, bai yi musu ba. Ranar Alhamis dattawa biyu za su raka Mama wurin mai unguwa, ni ma zan bi su da takardar gonar. Tulun kuma yana ɗakin ajiya, ya yi ƙura. Gobe da safe zan wanke shi in kai mata gida.