Ranar da Na Taka Feda Kiɗa Ya Tashi

Jirgin ƙasa ya ɗauke mu daga tashar Paddington ta Landan ya sauke mu a Castle Cary, bas kuma ya ƙarasa da mu gonar Worthy da ke ƙauyen Pilton a Ingila, inda ake bikin kiɗa na Glastonbury tun 1970. Ƙarshen watan Yuni ne, tantuna iya ganin ido.

Ban daɗe a manyan dandamali ba. Na haura tudu zuwa ɓangaren da ake kira Green Fields, kunnena ne ma ya fara shaida mini na iso: babu rugugin janareto, babu warin hayaƙin man gas. Allunan sola ne jingine a jikin motoci, suna cika batura da rana domin a yi kiɗa da dare.

Can na hangi keke yana jan amalanke, lasifika biyu ɗaure a kai, allon sola a samansa kamar rumfa. Inda ya tsaya, nan ne dandamali. Aka kafa kekuna huɗu a gefe, tayar bayan kowanne tana juya dainamo, wato ƙaramin injin da ke ba kayan sautin wutar lantarki. Mai kayan ya yafito ni, na hau.

Abin da ban taɓa tsammani ba shi ne in ji kiɗa a cinyoyina. Duk sanda babbar ganga ta buga, sai feda ta yi nauyi kamar ina hawan tudu. Idan mai sarewa ta rage ita kaɗai, sai fedar ta saki. Mai kayan ya ce mini amo mai kauri ne ke shan wuta, mutum kuwa in zai daɗe yana takawa, da wuya ya wuce wat 100. Shi ya sa suke zaɓar amfilifayar da ba ta ɓarnar wuta a zafi, da lasifikar da ƙaramin ƙarfi ke isarta. Wannan tsimi ya burge ni ƙwarai.

Da biyu daga cikinmu suka gaji, murya ta fara shaƙewa. Mawaƙiyar ba ta daina ba, hannu kawai ta ɗaga. Wata dattijuwa ta miƙa jakarta ga na kusa da ita ta hau, wani yaro ya karɓe ni. Na sauka ina haki, na tsaya gaban lasifikar ina jin sautin yana dawowa.