Lissafin da na yi wa gidan hayar da na gina

A shekarar 2021 na gina ɗakuna huɗu a wani fili da na saya a bakin titi a ƙauyenmu da ke kusa da Wudil, bisa tunanin cewa malaman makaranta da ma'aikatan asibitin da ake turowa ba za su bar ɗakunan su zauna babu kowa ba. Fili da gini sun ci naira miliyan 6. Kowane ɗaki ina karɓar naira 90,000 a shekara, wato 360,000 ke nan gaba ɗaya, kuma na daɗe ina kiran wannan kuɗi riba, har sai da na zauna da littafin ajiyata bayan damina na bi shi layi-layi.

Ɗaki ɗaya ya yi wata shida a kulle bayan an yi wa malamin da ke ciki canjin wurin aiki, na rasa 45,000. Iskar farkon damina ta yaye kwano uku, ga yasar masai da facin siminti, suka lashe 55,000. Akwai kuma 20,000 da ta maƙale a hannun wani ɗan haya wanda surukin yayana ne. Duk wanda ya san zaman ƙauye ya san ba a kai irin wannan gaban mai unguwa, sai dai a gaisa a masallaci a wuce. Abin da ya rage shi ne 240,000, kashi 4 cikin 100 na uwar kuɗin, ma'ana sai na yi shekara 25 kafin gidan ya mayar mini da abin da na zuba.

Abin da ya fi damuna shi ne darajar naira. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kaya suka tashi, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, alhali kuɗin haya a ƙauye ba ya motsi sai da rarrashi, domin albashin mai biya bai bi kasuwa ba.

Inda gidan ya riƙe ni shi ne filin kansa, don dillalai sun sha yi mini tayin da ya ninka abin da na saye shi, sai dai wannan riba ce da ba ta shiga aljihu sai ranar da aka sayar. Bana na fasa ƙara ɗaki na biyar, zan buɗe shago ɗaya ta fuskar titi, saboda mai shago yana biya da cinikinsa ne, ba ya jiran ƙarshen wata.