Santimita 6 da na cire wa motar kawuna, da 3 da na mayar mata

Motar ta kawuna ce, Allah ya jiƙansa. Peugeot 504 Coupé ce ta 1972, mai ƙofa biyu, injin lita 2. Kowa a Damagaram ya san Fijo 504, ita ce ta yi shekaru tana ɗaukar mutane da kaya a hanyar Kano da ta Maraɗi. Amma wannan mai ƙofa biyun daban take. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, an fara fito da ita a 1969, kuma tazarar da ke tsakanin tayoyinta na gaba da na baya ta gaza ta Fijon da muka saba gani da santimita 19. Da na fito da ita daga rumfar da ta yi shekaru a ciki, gindinta ya zauna ta gefe ɗaya, amortisa, wato masu shanye girgizar hanya, duk sun zubar da mai. Tunda canji ya zama dole, sai na ce bari in rage mata tsayi gaba ɗaya, ta kwanta irin yadda nake ganin 'yan'uwanta a hotunan Turai.

Nan na fara kuskure. Wani yaro a gareji ya ce in kawo ya yanke zagaye ɗaya da rabi daga kowane resor, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, aikin rabin yini. Wani kuma ya ce a hura musu wuta su zauna da kansu. Na ƙi wutar, don na san zafi yana kashe ƙarfin ƙarfen, resor ya ci gaba da zama har ya karye. Yankan ma na ƙi. Sai na tafi Kano ta Matamai da Daura, na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa. Can ba su ce resor da amortisa, sifirin da shokozoba suke cewa, sai da na gyara bakina. Na samo gajerun resor huɗu masu kyan fenti, faɗinsu ya yi daidai da mazauninsu, ban tambayi taurinsu ba, ban tambayi ko na wace mota ba ne. Amortisa kuwa na saya irin na asali, masu tsawon da aka saba.

Motar ta sauka da santimita 6. A tsaye a ƙofar gida ta yi kyan da ban taɓa ganin ta yi ba. Da na hau kwalta zuwa Mirya, kilomita 18 kawai, sai gaskiya ta fito. Kowane rami sai in ji duka daga ƙasa har cikin haƙorana. A tudun rage gudu na farko salansa ta goga. Da na dawo na shiga lungunan Birni, inda dutse ke leƙowa daga cikin yashi, sai da na sauke abokina ya riƙa duba mini ƙasan injin, don tsoron kada kaskon mai ya fashe. Bayan wata biyu tayoyin baya sun cinye ta ciki, ta waje kuwa sababbi fil.

Akwai wani dattijo a Zango wanda ya yi rayuwarsa a kan Fijo. Na kai masa ita. Bai ce komai ba sai da ya zagaya ta sau biyu, ya danna gaban da hannu, ya danna bayan. Sannan ya ce, ɗana, ina za ka riƙa zuwa da motar nan? Na ce, Baba, cikin gari ne, sai jefi-jefi Mirya ko Takeita. Ya ce to me ya sa ka yi mata takalmin hanyar da ba taka ba?

Abin da ya nuna mini a ranar ya fi duk abin da na karanta. Ya ɗaura siririn zare a sandar amortisa na gaba, muka zagaya gari, muka dawo. Zaren ya hau har ƙarshe. Ma'ana ƙafar tana cinye duk hanyarta, tana dukan robar da aka sa don ta tare ta a ƙarshe. Dukan da nake ji ke nan. Duk santimita da ka cire daga tsayin mota, daga filin motsin ƙafa ka cire shi, kuma idan filin ya ragu dole resor ya ƙara tauri don ya riƙe nauyi cikin ɗan abin da ya saura. Nawa gajeru ne amma masu laushi, wato na haɗa sharri biyu. Da ya ɗaga motar da jak kuma, resor na baya ya yi sako-sako a mazauninsa, har da hannu ana juya shi, saboda amortisan ya fi shi tsawo. A rami mai zurfi zai iya gocewa. Wannan ya tsorata ni ƙwarai, don na ɗauki iyalina a motar.

Cin taya ma ya bayyana mini. Ƙafafun bayan wannan mota kowace da hannunta take motsi, ba sanda ɗaya ce ta haɗa su kamar a Fijo mai ɗaukar kaya ba. Idan mota ta sauka, saman tayoyin sai ya karkata ciki, nauyi ya koma gefe ɗaya. A 1978 irin wannan motar, mai injin V6, ta ci tseren Safari a Kenya a hannun Jean-Pierre Nicolas, kuma motocin wannan tsere ɗaga su ake yi. Na daɗe da sanin haka, son hoto ne ya rufe mini ido.

Muka sake aiki daga farko, a hankali. Muka cika tanki, muka tsayar da ita a kan daɓe mai daidai, muka auna daga tsakiyar kowace taya zuwa leɓen jikin da ke samanta, muka rubuta. Resor muka fara zaɓa, waɗanda za su sauke ta da santimita 3 daga tsayinta na asali, masu ɗan tauri fiye da na kamfani. Sai da muka same su sannan muka nemo amortisa da ya dace da su, mai gajeriyar sanda, wanda zai riƙe resor a matse ko da ƙafa ta rataye. Na so masu iskar gas, Baba ya ce a kan hanya mai tsani-tsani irin ta laterit za su gajiyar da ni, kuma matsin gas ɗin yakan ɗan ɗaga mota. Muka ɗauki na mai, waɗanda ake iya ƙara musu ƙarfin dawowa, domin resor mai tauri yana tunkuɗo mota sama da ƙarfi, kuma aikin amortisa ne ya hana ta tsalle.

Robobin ƙafafu duk muka sabunta. Bai ɗaure kusoshinsu ba sai da motar ta sauka ta tsaya da nauyinta, ya ce idan aka ɗaure su tana rataye robar za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri. Bayan mako biyu, da resor suka gama zama, muka sake awo, sannan aka daidaita ƙafafun gaba.

Kuɗi sun tafi sau biyu, da tayoyi biyu a kai. Jiya da yamma na bi ta gaban fadar Sarkin Damagaram da mutum uku a ciki, na gangara ta lungun da a da nake sauke abokina. Da na isa gida na duba zaren da muka sake ɗaura wa sabon amortisa, don har yanzu ban cire shi ba. Saura yatsa biyu kafin ya kai robar.